Ƙeyar Jariri Ta Zube: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Tambaya

 Ni mazauniyar garin Zuru ce, ina goyon ɗan fari, watansa uku. Da suma baƙa wuluk aka haife shi. Bayan askin suna, gashin gaba da na tsakar kai ya dawo, amma ƙeya ta ƙi cika, ɗan abin da ya tsiro ma kullum sai na tsince shi a zanin gado. Yanzu wurin ya yi fili, faɗin yatsu uku, kuma na lura ɓangaren dama na ƙeyar ya ɗan baje. Uwar mijina ta ce laifin kwanciyar rigingine ne da malamar asibiti ta ce in riƙa yi masa. Ta ce in koma kwantar da shi ruf da ciki, a kira wanzami ya sake aske shi, a kuma riƙa gasa masa kan da ruwan zafi safe da yamma. Ba na so in saɓa mata, ina kuma tsoron ya tashi da sanƙo da karkataccen kai. Ina mafita?

Amsa

 Allah Ya raya, Ya kuma ba ki lafiyar shayarwa. Ki kwantar da hankalinki. Abin da kika bayyana ya yi daidai da zubar gashin ƙeya da jarirai masu lafiya suke yi tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma gashin yana dawowa da kansa. Bajewar ƙeya ma tana gyaruwa da dabarun da ba sa cin ko sisi. Abu ɗaya ne a cikin wasiƙarki yake da haɗari, shi ne shawarar a kwantar da yaron ruf da ciki ya yi barci. Wannan kam kada ki yi. Ki ci gaba da kwantar da shi rigingine duk lokacin da zai yi barci, dare ko rana, har ya cika shekara ɗaya. Ga dalilan daki-daki, domin ki samu abin da za ki riƙe, ki kuma samu abin da za ki faɗa wa Mama, uwar mijinki, cikin ladabi.

Yadda gashin jariri yake tsiro da zuba

Kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, inda saiwarsa take. Ramukan nan duka tun a ciki ake halittarsu. Mutum yana da kimanin 100,000 a fatar kansa, kuma bayan haihuwa ba a ƙara ko ɗaya. Kowane rami yana bin zango uku: lokacin tsiro, inda gashin yake ƙara tsawo kamar santimita ɗaya a wata, ɗan gajeren lokacin tsayawa, sai lokacin hutu na wata biyu zuwa uku, wanda a ƙarshensa tsohon gashi yake faɗuwa, sabo ya taso daga wannan ramin.

A kan babban mutum, kowane rami da lokacinsa. Yau wannan ya zubar, gobe wancan, shi ya sa ba ma ganin gurbi. A kan jariri kuwa ramukan yanki guda tare suke tafiya. Abin ya yi kama da gonar dawa da ba a shuka ta rana ɗaya ba: gaban gona yakan riga ƙarshenta isa girbi. Gashin goshi da na gefen kai yana shiga hutu tun cikin yana wajen wata shida zuwa bakwai, ya zube a cikin mahaifa, sabo ya maye gurbinsa ba wanda ya gani. Na ƙeya shi ne yake makara. Sai dab da haihuwa yake shiga hutu, sannan ya zube bayan mako 8 zuwa 12. Ki lissafa, za ki ga ya faɗo daidai watannin ɗanki.

Wannan ne ma ya sa yaran da aka yi wa askin suna gabansu yakan riga ƙeya cikowa. Gashin gaba yana cikin tsiro, da an aske sai ya ci gaba da fitowa. Na ƙeya yana hutu, gashin da yake hutu kuwa ba ya ƙara tsawo. Ba hannun wanzami ba ne, ba kuma bakin wani ba.

Akwai kuma sauyin sinadaran jiki. A ciki jariri yana samun sinadaran da ake kira homon daga uwa, da an yanke cibiya sai su ragu, gashi da yawa ya shiga hutu lokaci guda. Ke ma abin yana iya samunki. Masu jego da yawa sukan ga gashinsu yana bin mataji daga wata na biyu zuwa na huɗu bayan haihuwa, daga baya ya daidaita. Sabon gashin yaro kuma ba lallai ya yi kama da sumar haihuwa ba. Wanda aka haifa da gashi mai santsi a kwance, sau da yawa yakan dawo da mai kauri a murɗe. Wannan gado ne daga iyaye da kakanni.

To, ina ruwan kwanciya a ciki?

Mama ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Jariri ɗan wata uku yana yawan juya kai dama da hagu a kan shimfiɗa, gogayyar nan kuwa tana kaɗe gashin da ya riga ya saki. Amma shimfiɗa ba ta kashe saiwa. Wanda dama zai faɗi ne take hanzarta wa faɗuwa.

Likitoci sun bi diddigin wannan. Wani likitan fata na Faransa mai suna Brocq ya bayyana irin wannan zubar gashin tun 1907, shekaru da dama kafin a fara kiran iyaye su kwantar da jarirai rigingine. A 2005, likitoci biyu, Mario Cutrone na Italiya da Ramon Grimalt na Sifen, sun duba ɗaruruwan jarirai, suka tarar kusan 12 cikin 100 suna da wannan fili a ƙeya, ba su kuma ga alaƙarsa da yadda ake kwantar da su ba. Wani binciken a Koriya ta Kudu a 2011 ya samu kusan ɗaya cikin biyar, shi ma bai ɗora laifin a kan kwanciya ba. Ma'ana, ko kin kifa shi, babu tabbacin gashin zai tsaya. Za ki ɗauki haɗari ne a banza.

Yawancin yara, da sun fara zama da juyi, wajen wata shida zuwa bakwai, za ki ga ƙananan gashi masu laushi sun fara rufe wurin. Kafin shekara ta zagayo galibi an manta da zancen.

Abin da ya sa asibiti ta nace a kan rigingine

Akwai wani nau'in rasuwa da likitoci suke kira mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci. A kwantar da yaro lafiya lau, ya sha nono ya ƙoshi, da asuba a tarar rai ya yi halinsa, babu zazzaɓi, babu kuka. Ta fi aukuwa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda abin yake samu ba su kai wata shida ba. A garuruwanmu idan haka ta faru, wasu su ce uwa ce ta danne shi, wasu su zargi maita ko iska, a bar uwa da ƙunar zuci biyu. Rai a hannun Allah yake, wannan babu ja. Amma Musulmi da Kirista duk mun yarda an ɗora mana kiyaye amanar da aka ba mu gwargwadon saninmu.

Turawa ma sai da suka sha wuya kafin su gane. Daga shekarun 1950 zuwa 1980, littattafan raino da likitoci da yawa a Amurka da Turai suna ba da shawarar a kifa jarirai, don tsoron kada su shaƙe da amai. Daga baya bincike a Holan, da New Zealand, da birnin Bristol na Ingila inda Farfesa Peter Fleming ya yi aiki, ya nuna jariran da ake kifawa sun fi rasuwa a barci nesa ba kusa ba. Holan ta fara gargaɗi a 1987. A Birtaniya, wata fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin, Anne Diamond, ta rasa ɗanta ta wannan hanya a 1991, ta tsaya tsayin daka har gwamnati ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a shekarar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da tata shawarar a 1992, gangamin ƙasa ya biyo baya a 1994. A ƙasashen nan duka, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, juya yara kawai aka yi.

Idan jariri ya kife, hancinsa da bakinsa suna kusa da katifa, sai ya riƙa sake shaƙar iskar da ya fitar. Jikinsa ba ya fitar da zafi sosai, barcinsa kuma yana yin nauyi, har ya kasa farkawa lokacin da numfashinsa yake buƙatar ya motsa. Iyaye mata sukan ce yaro ya fi daɗewa yana barci idan an kifa shi. Gaskiya ne, kuma nauyin barcin nan shi ne abin tsoron. Kwanciyar gefe ma ba ta tsira ba, domin daga gefe mirginawa kaɗan ce zuwa kifewa. Shi ya sa a 2005 likitocin yara na Amurka suka cire ta daga shawararsu.

Ki lura da wani abu da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Jaririn da ya saba da rigingine, ranar da wani ya kifa shi haɗarin ya fi yawa, don bai koyi ɗaga kai ya kauce ba. Da damina uwa takan tafi gona, ko ranar kasuwa ta bar yaro wurin kaka ko 'yar raino. Duk wanda zai karɓi yaron, a gaya masa ƙa'idar. Idan kuma ya girma har yana juyawa da kansa daga baya zuwa ciki, daga ciki ya koma baya, ki fara kwantar da shi rigingine, in ya juya ki ƙyale shi.

Tsoron ƙwarewa da tumbuɗi

Wannan shi ne babban abin da kakanni suke kawowa, kuma tsoro ne na ƙauna. Sai dai halittar maƙogwaro ta riga ta amsa shi. Hanyar iska tana gaba ne a wuya, hanyar abinci tana bayanta. Idan yaro yana rigingine, hanyar iska ce a sama, nonon da ya taso sai ya kwanta ƙasa, ya koma ciki ko ya fita ta gefen baki. Idan ya kife, hanyar iska ta koma ƙasa, abin da ya taso ya taru a bakinta. Jariri mai lafiya yana haɗiyewa ko ya yi tari da kansa. A ƙasashen da aka koma rigingine ba a ga ƙaruwar mutuwa ta shaƙewa ba. Abin da za ki yi shi ne, in ya gama shan nono ki ɗora shi a kafaɗa, ki shafa bayansa har ya yi gyatsa, sannan ki kwantar.

Bajewar ƙeya da maganinta

A nan ne kwanciya take da hannu sosai. Ƙoƙon kan jariri ƙasusuwa ne da yawa masu taushi da ba su haɗe ba, domin ya iya fitowa wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Kewayen kai yana tashi daga kimanin santimita 35 a haihuwa zuwa wajen 46 a shekara ɗaya. Jariri ɗan ƙasa da wata uku yana barcin awa 14 zuwa 17 a yini. In duk tsawon nan wuri ɗaya yake dannewa, wurin zai baje. Ɗan fari, da bakwaini, da tagwaye sun fi fuskantar haka.

Wani bincike a New Zealand da aka wallafa a 2004 ya bi jarirai tun daga haihuwa. A wata huɗu kusan ɗaya cikin biyar yana da bajajjen kai, amma a shekara biyu saura wajen uku cikin ɗari. Girman ƙwaƙwalwa ne yake tura ƙashin ya daidaita, da zarar yaro ya rage kwanciya. Irin wannan bajewar ba ta danne ƙwaƙwalwa.

Ki fara da dubawa. Bayan wanka, gashi na jiƙe, ki zaunar da shi a cinyarki ki leƙa kan daga sama. In bajewar kwanciya ce, za ki ga kunnen ɓangaren da ya baje ya ɗan matsa gaba, goshin wannan ɓangaren ma ya ɗan turo. Daga nan sai aiki.

Na farko, kifa shi yana farke kina kallo. Barci rigingine, wasa ruf da ciki. Ki shimfiɗa zani a kan tabarma, ki kifa shi minti uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a rana, kina ƙarawa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a tara aƙalla minti 30 a yini. In ya yi kuka, ki kishingiɗa ki ɗora shi a ƙirjinki, fuska da fuska, kina masa magana. Kifawar da kike masa a kan ƙafafunki bayan wanka, lokacin da kike shafa masa mai a baya, ita ma tana cikin lissafi. Kada dai a yi da ya gama shan nono, kuma in barci ya ɗauke shi ki juya shi. Wannan yana ƙarfafa wuya da kafaɗu, yana kuma share fagen zama da rarrafe.

Na biyu, sauya masa mafuskanta. Jariri yana juya kai ne wajen haske da motsi da muryar uwa. In kullum kina damansa, dama zai riƙa kallo. Yau ki sa kansa ta wajen ƙofa, gobe ta wajen bango. Tunda damansa ce ta baje, ki koma kwana ta hagunsa, in ya yi barci ki juya fuskarsa hagu a hankali, jikinsa yana nan rigingine. Wajen shayarwa ma ki riƙa sauya hannu.

Na uku, goyo da ɗauka. Nan al'adarmu ta ba mu abin da wasu ƙasashe suke saye da kuɗi. Yaron da yake bayan uwa ko hannun 'yan'uwa, ƙeyarsa ba ta kan komai. A ƙasar Zuru, Lelna da Hausawa da Fulani da sauran maƙwabta duk masu goyo ne. Sai dai a yi shi da lura. Zani ya tallafi wuya, haɓa kada ta manne da ƙirji, hanci ya kasance a sarari. Kada a lulluɓe shi ruf da hijabi ko mayafi har ba a ganin fuskarsa. Ki riƙa sauya ɓangaren da yake kwantar da kumatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, har da goyo, don haka a riƙa sauke shi yana miƙe gaɓoɓi.

Ki kuma gwada wuyansa. Ki kaɗa makulli ta hagu, sannan ta dama. In yana juyawa sosai ɓangare ɗaya amma ɗayan ya tsaya rabi, ko kansa kullum a karkace yake zuwa kafaɗa ɗaya, ko kin ji ɗan ƙullutu a tsokar wuya, to tsokar ce ta ɗaure. Wannan aikin masu motsa gaɓoɓi ne, waɗanda ake kira fisiyo, kuma yana warkewa da kyau in an fara da wuri.

Ana tallar wasu ƙananan filo masu rami a tsakiya a shagunan kayan jarirai da Facebook, wai suna gyara kai. Kada ki saya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2022, ta ce ba a tabbatar da amfaninsu ba, kuma suna iya toshe numfashi. Hular roba mai tauri da ake sa wa yara a ƙasashen waje ma, wani gwaji a Holan a 2014 ya nuna yaran da aka sa wa da waɗanda aka bari sun tashi kusan daidai.

Aski, ruwan zafi da shafe-shafe

Askin ranar bakwai a gidajen Musulmi ibada ce, tare da sadakar da ake bayarwa gwargwadon nauyin gashin, kuma ba ni da ja a kansa. Roƙona kawai a yi shi da sabuwar reza da aka ɓare a gabanku, wanzami ya wanke hannu, ya bi maɗiga a hankali. Askar da ta zaga kawuna tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙwayoyin cuta, shi ya sa allurar rigakafin ciwon hanta ta ranar haihuwa take da muhimmanci. Amma maimaita aski don gashi ya cika ba shi da tushe. Aska saman fata take bi, ba ta isa saiwa ba. Gashin da aka yanke bakinsa ne yake dakushewa, sai ya yi kamar ya fi kauri. Abin da ake ƙara wa yaro kawai shi ne haɗarin yanka da ƙuraje.

Gasa kai da tsumma da ruwan zafi ma ba ya sauya siffar ƙashi. Matsin minti biyar ba zai warware na awanni fiye da goma ba, fatar jariri kuwa siririya ce, ruwan da hannunki ya ji daidai yana iya ƙona ta. In an haifi yaro da kumburi a kai bayan doguwar naƙuda, kada a danna, kada a tsaga. Yana sacewa da kansa, sai dai a kai shi a duba, musamman in idonsa ya yi ɗorawa, alamar shawara.

Wajen kula da fatar kai, sauƙi ya fi. Ruwa mai ɗumi, sabulu marar ƙarfi sau biyu ko uku a mako, a tsane da tawul mai laushi ba tare da gurzawa ba. Ɗan man kaɗanya mai tsabta ya wadatar, ga shi kuwa ba ya wuya a ƙasar Zuru. In kin ga ɓawo mai maiƙo, ruwan ɗorawa, manne a tsakar kai, wannan amosanin jarirai ne. Ki shafa mai ya jiƙa, ki wanke, ki bi da buroshi mai laushi, kada ki ɓamɓare da farce. Ki nisanci man zafi, da man gyaran gashin manya, da man shafawa masu haɗin magunguna da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da yake sirantar da fata. Kada a liƙa komai a maɗiga. In mace ce, a jinkirta kitso da ɗaurin roba. Jan gashi mai ƙarfi shi ne yake cinye gaban goshi, in ya daɗe kuwa yana iya kashe saiwar har abada.

Abin da yake gina gashi daga ciki yake zuwa. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, ko da a zafin Maris da Afrilu ne. Shayarwa kanta tana rage haɗarin mutuwar barci. Bayan wata shida a ƙara kunun gero ko dawa mai kauri da gyaɗa ko waken soya, da ƙwai, da kifi, da ganye irin zogale.

Shimfiɗa a irin ɗakunanmu

Wurin kwanciyar ya zama shimfiɗaɗɗe mai ɗan tauri, babu filo, babu tarin zannuwa, babu 'yar tsana. Katifar da ta lotsa a tsakiya ba ta dace ba, gara tabarma da zani a kai. Mafi aminci shi ne yaro ya kwana ɗaki ɗaya da ke, a tasa shimfiɗar dab da taki, aƙalla wata shida na farko, cikin gidan sauro da aka soke gefunansa da kyau yadda ba zai faɗo masa a fuska ba.

Na san yawancin iyaye mata gado ɗaya suke kwana da jariransu. In haka ne, ki sa shi ta gefenki, kada ya shiga tsakaninki da maigida ko yayyensa, bargonku kada ya kai kansa, kada a bar rata tsakanin katifa da bango. Kada ya kwana gado ɗaya da wanda ya sha burkutu ko giya, ko maganin mura mai sa barci, ko mai shan taba. Bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi su kwana a tasu shimfiɗar. Kada kuma barci ya ɗauke ki da shi a kan kujerar kushin.

Da hunturu, lokacin da sanyi yake saukowa daga duwatsun Zuru, akan naɗe jariri da hula da safa da rigar sanyi da bargo biyu, a rufe taga, a shigo da kaskon garwashi don mai jego. Zafi fiye da kima yana cikin abubuwan da suke jawo mutuwar barci, gawayi a rufaffen ɗaki kuwa yana fitar da iska mai guba marar wari. A fitar da kasko kafin a kwanta. Ki ƙara masa riga ɗaya a kan adadin da ke kika sa, ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. In da zufa, a rage. In ba bakwaini ba ne ko sabuwar haihuwa da ma'aikatan lafiya suka ce a rufe wa kai, a cire hula idan zai yi barci a ɗaki. Hayaƙin murhu da na maganin sauro na kunnawa su ma a nisanta su da shi.

Alamomin da suke buƙatar asibiti

Fili mai santsi a ƙeya, fata lafiya, yaro yana shan nono yana ƙiba, wannan jira kawai yake so. Amma ki kai shi a duba in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Wurin ya yi ja, ko yana ɓawo, ko ruwa, ko mugunya, ko gashin ya kakkarye ga kaluluwa a bayan wuya. Wannan yana iya zama makero, wanda akan ɗauka daga yayye, ko mataji, ko aska, ko kyanwa. Na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni.

Gashin duk kan ya yi ja-ja, ya sirance, yana tugewa da sauƙi, ga rama ko kumburin ƙafa. Alamar tamowa ce, kada a jinkirta.

Wani wuri da aka haife shi da shi babu gashi, mai kama da tabo, ko filaye zagayayyu a wasu sassan kai, ko zubar gira. Haka ma in ya kai shekara ƙeyar ba ta fara cikowa ba.

Kin shafa kin ji tudu mai tauri kamar igiya a mahaɗar ƙasusuwa, ko siffar kan tana ƙara karkacewa duk da dabarun nan. Wani lokaci ƙasusuwan sukan haɗe da wuri, abin da yake samun kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500, kuma aikin tiyata ne. Haka in kan yana girma fiye da kima.

Maɗiga ta faɗa ciki ga gudawa ko amai, ko ta kumburo ga zazzaɓi da ƙin nono. Ta farko ƙarancin ruwa ce, ta biyu tana iya zama sanƙarau. Duka biyun na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

Ki fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko Babban Asibitin Martha Bamaiyi da ke Zuru. Masu karatu na Ribah, Mahuta, Dirin Daji da Wasagu su ma su fara da na kusa da su. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Ba sai kin ware tafiya ta musamman ba. Rigakafin mako 14 yana gabanki. Kebbi kuma tana cikin jihohi biyu, ita da Bayelsa, da aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Disambar 2024, ana yi a wata 5, 6, 7 da 15. Kowane zuwa, ki roƙi a auna kewayen kansa da tef a rubuta a kati, a kuma duba wuyansa.

Tsakaninki da Mama

Kada ki mayar da abin gardama. Ta raini 'ya'ya sun girma, abin da ta gada take ba ki, kuma son jikanta ne ya sa ta magana. Ki nuna wa maigida wannan bayani tukuna, domin magana daga bakin ɗanta ta fi saurin shiga. Ranar rigakafi ku tafi tare da ita, ta ji daga malamar asibiti da kunnenta. Sannan ki ba ta nata aikin: ita ce za ta riƙa kifa shi a cinyarta da hantsi yana farke, ta shafa masa man kaɗanya, ta yi masa wasa ta ɓangaren hagu. Kin ga shawararta ta kifawa ta samu gurbi, an sauya mata lokaci ne kawai.

Ki ɗauki hoton kansa daga sama da waya yau, ki sake ɗauka duk wata. In bayan wata biyu bajewar ba ta ragu ba, ki koma asibiti da hotunan. Allah Ya raya mana shi cikin ƙoshin lafiya, Ya sa mai jin ƙanku ne.